Wayar da Ba Modu Bai Yanke Ba

"Keken ɗinkin nawa ne, mijin ma nawa ne," in ji Zouera. "Duka biyun ka zo ka ƙarasa mini su?"

"Inna, ni ban ce ya tashi ba. Shi ya aika a kira ni."

"Ya aika! Mutumin da ƙafarsa ba ta shiga takalmi? Kai da ka yi lakwal, ka san boko, ba ka ga kumburin ba?"

Harouna ya gani. Yana tsaye a bakin tsakar gidan da jita a hammata, kansa ƙasa. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinsa da wannan gida, kuma sati uku ke nan yana jin tarin Ba Modu, mijin Zouera, ta cikinta. Amma shi ma yana da tasa damuwar. Tun da ya bar kolej ba takarda a hannu, babu inda ake kiran sunansa a Magariya sai a orkes ɗin samariya, ƙungiyar makaɗan samarin gari. Ranar Asabar za a zaɓi waɗanda za su tafi gasa Damagaram, ga shi jitar ta yi kwana goma ba ta magana. Mutari, shugaban orkes, ya gaya masa a gaban kowa cewa in Asabar ta zo tana bebiya, akwai wani a Matamaye mai jita sabuwa.

"Zouera," wata murya ta fito daga ƙarƙashin rumfa, a shaƙe. "Bar shi ya shigo. In na kwanta ma tarin ba ya barina. Gara ya same ni ina aiki."

Ta ja tsaki, ta koma wajen turminta.

Ba Modu na zaune a tabarma, ya jingina da bango, ƙafafunsa miƙe kamar ba nasa ba. Babarbare ne, dogo, ya shekara goma sha ana kiransa zuwa masana'antar man gyaɗa duk lokacin da wani inji ya ƙone, ya warware wayarsa ya sake naɗawa. Da gyaɗa ta lalace aiki ya ja baya, sai ya koma gyaran rediyo a zaurensa. Ya karɓi jitar, ya kwance kusoshi biyu, ya zaro abin nan mai kama da ɗan sabulu da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi. 'Yan orkes mikoro suke ce masa.

"Ka san abin da ke ciki?"

"A'a, Ba."

"Shekara nawa kana kaɗa ta?"

"Uku."

"Shekara uku kana hawan jaki ba ka taɓa duba bakinsa ba."

Ya ɓalle murfin da bakin wuƙa. Ciki akwai guntayen ƙarfe shida a jere, kowane ɗaya na tsirkiya ɗaya, an naɗe su da waya ja, siririya, ta fi gashin kai laushi. Gefe guda ta yi kore.

"Zufarka ce ta ci ta. Ga inda ta tsinke." Ya ɗora allura kan ƙarfen, ta manne. "Maganaɗisun kuwa lafiyarsa lau. Abin nan ba ya jin kiɗa, Harouna. Ƙarfe kawai yake ji. Tsirkiya ta girgiza a kansa, sai wuta 'yar kaɗan ta tashi cikin wayar, ampili, akwatin ƙara sauti, ya ƙara ta. In ka ɗaura masa izgar doki irin ta goge, ka kaɗa har gobe, ba zai ce uffan ba."

Harouna ya durƙusa. Bai taɓa tunanin haka ba. Shi a ganinsa muryar jita a itacen take.

"To me ya sa ta wancan na Matamaye take da kaifi, tawa kuma kamar mai mura?"

Tsohon ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Sai da ya lafa ya ce, "Yanzu ka yi tambaya. In ka tula waya da yawa, murya ta yi ƙarfi, ta yi kauri, kamar mai magana cikin tulu. In ka rage, ta washe, kowace tsirkiya ta fito da kanta, amma ganga za ta danne ta. In ka matso da maganaɗisu kusa ƙwarai, sai ya riƙe tsirkiyar, sautin ya mutu da wuri. Sannan akwai yadda aka kwantar da wayar. Injin Turawa jera ta yake yi, layi bisa layi, kamar sojoji. Hannu kuwa watsa ta yake, nan da can. Wadda aka watsa ta fi numfashi."

"Don me?"

"Ban sani ba. Na dai ji da kunnena."

Wayar da za a yi aikin da ita daga bobin, naɗin wayar wuta na wata matacciyar mota, Ba Modu ya warwaro ta, tun kwanakin da yake da ƙarfi. Ya ɗaure ɗan katakon mikoron a jikin ƙafar keken ɗinkin, wadda ke juyawa in an taka, ya liƙa bakin wayar da ɗigon dalma. Shi ba zai iya takawa ba, don haka Harouna ya hau kujera, aka jawo tabarmar kusa, Ba Modu ya riƙe wayar tsakanin babban yatsa da manuni.

"A hankali. Ba gudun tsere ba ne."

Keken ya fara. Wayar ba ta ganuwa sai in rana ta faɗo mata. Harouna yana kallon yatsun tsohon suna tafiya hagu, dama, wani lokaci su daɗe a gefe ɗaya, wani lokaci su tsallake. Ya yi ƙoƙari ya gano tsarin, bai gano ba.

"Zagaye nawa ake yi, Ba?"

"Dubbai."

"Dubu nawa?"

"Ban taɓa ƙirgawa ba. Ina taɓawa da yatsa, in ya isa ya isa."

"To in wani zai koya fa?"

"Sai ya tsinka waya da yawa."

Kamar wayar ta ji shi. Ƙafar Harouna ta zarce, keken ya fizga, wayar ta tsinke. Aikin fiye da sa'a guda. Ba Modu bai yi faɗa ba. Ya dubi guntun da ke lilo a yatsansa, ya ce ba ya son ƙulli a tsakiyar naɗi, sai a sake daga farko. Numfashinsa ya riga ya fara fita da ƙara.

Zouera ta ajiye taɓarya. "Ya isa haka. Tashi mini daga keke. Ƙafa kamar ta mai haƙar rijiya."

"Gaskiyarta," in ji Ba Modu. "Shekara ashirin tana taka shi, ko zare bai taɓa kuka da ita ba."

"Kar ka yi mini daɗin baki. Ba zan taka ba."

"Ban roƙe ki ba." Ya juya ga Harouna. "Gobe kasuwar Dungas. Ka nemi Gidaɗo mai zuma, ka ce ni na aike ka, ya ba ka kaki mai tsabta, ba wanda aka gauraya ba. In an gama naɗi sai an tsoma shi cikin narkakken kaki. In ba haka ba, wayar tana motsi a ciki, ka ƙara ampili kaɗan ta yi ta kururuwa a gaban manyan baƙi."

"Naɗin fa?"

"Kai dai kawo kaki."

Da sassafe Harouna ya hau motar 'yan kasuwa, a saman buhuna. Ya sami Gidaɗo a gindin wata tsamiya. Bafulatanin ya tambayi jikin Modu, ya zaɓo dunƙulen kaki rawaya, ya shinshina, ya miƙa masa. A dawowa motar ta kafe a rairayi sau biyu. Duk hanyar, Harouna lissafi yake yi a ransa: in keken na juyawa sau kaza a minti, in aka yi sa'a biyu, zagaye nawa ke nan? Ya ƙudura zai zauna da takarda da biro, ya ƙirga da kansa, ko tsohon ya so ko ya ƙi.

Bayan la'asar ya sauka. Tun daga kan kwana ya hango tabarmi a ƙofar gidan, da takalma birjik. An riga an dawo daga maƙabarta. Wani ya matsa masa, ya zauna, aka yi fatiha. Kakin na cikin aljihunsa, ya yi laushi saboda zafin jiki.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, Zouera ta aika a kira shi. Tana cikin ɗaki, labulen asabari tsakaninsu. Keken na nan a rumfa, an rufe shi da zane.

"Ɗauke abinka," ta ce. "Ba na iya kallonsa."

Ya ɗaga zanen. Mikoron na ɗaure a inda yake, naɗe da jar waya, tana sheƙi. Ba a yanke ta ba. Tana nan miƙe daga jikinsa har zuwa bobin ɗin da ke ƙasa.

"Inna, wa ya taka?"

"Wa kake gani? Kana fita ya fara. Zouera zo, Zouera zauna. Na ce ba zan yi ba, sai ya kama ƙoƙarin hawa kujerar da kansa." Ya ji ta gyara zama a bayan labulen. "Tun hantsi muke yi. Bai yi tari ba ko sau ɗaya, abin ya ba ni mamaki. Can sai na ga ya saki wayar, na tsaya. Ya sa babban yatsa ya danna, ya daɗe yana kallo. Ya ce in ba shi ruwa. Ya sha, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa. Da aka kira azahar na je tashinsa."

"Bai ce ya gama ba?"

"Abin da ya ce na gaya maka."

Harouna ya zaro tsohuwar wayar da aka cire, wadda ya adana cikin takarda, ya duba inda ta bar alama a jikin katakon. Sabon naɗin bai kai nan ba. Da saura kamar kaurin ƙwayar gero biyu. Ya danna da yatsa kamar yadda aka ce tsohon ya yi. Yatsan bai gaya masa komai ba.

Ya tsaya yana duban keken. Zai iya roƙonta ta taka, shi ya riƙe, ya cike gurbin. Amma ya san hannunsa. In ta tsinke a nan, babu mai sakewa, gobe kuma Asabar. In ma ba ta tsinke ba, zai ɗora nasa a kan na mutumin ne ba tare da ya san ko an bar masa wuri ba.

Ya ɗauki almakashinta ya yanke.

A ɗakinsa ya kankare bakin wayar, ya liƙa da dalma. Ya narka kakin a gwangwani kan garwashi, ya tsoma, ya jira har kumfa ta daina tashi, ya tsame. Kafin ya huce Mutari ya iso da ampili da batirin mota a bayan kekensa, fuska ba walwala.

"In ba ta yi ba, ka gaya mini yanzu in aika Matamaye."

"Rage ƙarar ampilin," in ji Harouna. "Gidan makoki ne nan kusa."

Ya mayar da mikoron, ya ɗaure kusoshi, ya gyara tsirkiyoyi. Ya taɓa ta farko.

Ta yi magana. Ba tsohuwar muryar ba ce. Murar ta tafi. Sautin ya fito siriri, a washe, kamar an buga bakin tasa da zobe, ya daɗe a ɗakin kafin ya ɓace. Ya haɗa uku tare, ya ji kowace daban.

Mutari ya karkata kai. "Ƙarfinta ya ragu. Sai an ce wa mai ganga ya sassauta hannu." Ya saurara kuma. "Sake yin wancan."

Harouna ya sake.

"Gobe ƙarfe uku," in ji Mutari. "Kar ka makara." Amma bai tashi ba.

Sai suka ji motsi a bayan katanga, kamar an jawo kujera. Harouna ya dafe tsirkiyoyin da tafin hannu, kunya ta kama shi.

"Harouna."

"Na'am, Inna. Yi haƙuri, yanzu zan kashe."

"Ban ce ka kashe ba." Muryarta ta yi ƙasa. "Ni ban san kan abin nan naku ba. Na dai taka. Haka ya so ta yi?"

Harouna ya dubi Mutari, Mutari ya dubi ƙasa. Ampilin na ta ɗan gurnaninsa, kakin da ya rage a gwangwani ya fara daskarewa daga gefe.