Ni Ce Aku

Ƙorafin ya shigo ne ranar Asabar muna cin abincin rana. Hannun Baban Manaja duk miya, sai ya turo mini kwamfutar da gwiwar hannu ya ce in karanta masa.

Manaja ɗanmu ne. Shekararsa biyar, bai taɓa furta kalma ba. Yana ji sarai, yana ganewa, bakin ne dai bai buɗe ba. Ya samu sunan ne daga yadda yake zagaya gida hannuwa a baya, yana jera takalma, yana rufe duk durowar da aka bari a buɗe. Saboda shi ubansa ya rubuta wata manhajar waya. Hotuna ne a fuskar waya: yaro ya taɓa kofi ta ce "Ina jin ƙishi," ya taɓa ciki ta ce "Cikina na ciwo." Muryar da ke fita tawa ce. A cikin kabad ɗin kaya na naɗe ta, tsakanin riguna, don kada ƙarar titi ta shiga. Da muka ga amfaninta sai ya sake ta a buɗe, kowa ya ɗauka kyauta, wanda ya san kan abin ya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara ko ya kwafa. Ni na raɗa mata suna: Aku. Na ga abu ne mai magana, sunan gajere, hoton tsuntsun kuma ya yi kyau a waya. Da ka buɗe ta, kafin komai, muryata ce ke cewa cikin fara'a, "Ni ce Aku!"

Na karanta masa saƙon kamar yadda aka rubuta shi, babu aya ko ɗaya:

"Salamu alaikum don Allah ku yi haƙuri ban san ko nan ake rubutawa ba 'yata tana amfani da abin nan naku Allah ya saka da alheri amma yara a makaranta sun mayar da ita Aku don Allah a canza sunan ko a hana shi faɗa in an kunna"

"Ta faɗi irin wayarta?" in ji shi.

"A'a."

"Ta ce wani abu ya daina aiki?"

"Ba ta ce ba."

"To wannan ba matsala ba ce, ra'ayi ne. Shafin nan na abin da ya lalace ne." Ya suɗe yatsa. "Wancan makon wani ya ce kofin bai yi kama da na gidansu ba. Ka ba mutum akuya kyauta, ya dawo ya ce igiyar ba ta yi masa ba. Rubuta: suna ba matsala ba ce. Manhajar a buɗe take, wanda sunan bai yi masa ba ya kwafa ya sa nasa."

Na rubuta. Iyakar abin da ya ce ke nan. Amma sunan nawa ne, kuma ya sosa mini rai a ce wata can ta ga aibinsa. Sai na ƙara layi guda daga kaina: "Tarbiyyar yaran makarantarku kuma ba aikinmu ba ne." Na liƙa fuskar dariya a ƙarshe.

Ya leƙo ya karanta, ya kwashe da dariya. "Kai, Maman Manaja! Ashe kin fi ni dafi."

Na danna "an rufe", na tashi na kwashe kwanuka.

Ranar Alhamis na kai Manaja wurin likitar magana. Zuwan ƙarshe ke nan kafin Litinin, ranar da zai fara makaranta, abin da na yi wata da watanni ina roƙo da zarya kafin su yarda su karɓe shi da wayarsa. Muka zauna a barandar jira, kan kujerun roba, fanka na juyi ba ta ba kowa iska. Kusa da ni wata mata ce da ta ɗan girme ni, guntayen zare a jikin rigarta, tef ɗin awo rataye a wuya kamar ta manta da shi. Tana tare da yarinya 'yar shekara bakwai haka. An ɗinka wa yarinyar 'yar jaka mai kyau ta rataya waya, amma ta juya jakar ta koma gadon bayanta.

Yarinyar sai mutsu-mutsu take yi a kujera.

"Mene ne, 'Yar gwal?" in ji uwar. "Yunwa ce? Bayi? Taɓa mini in ji mana. Babu kowa a nan, taɓa."

Ta miƙa hannu za ta juyo jakar, yarinyar ta ƙanƙame igiyar.

A daidai nan Manaja ya buɗe tasa wayar.

"Ni ce Aku!"

Yarinyar ta toshe kunnuwa da hannu biyu, ta sulale ƙarƙashin kujera.

Ban yarda na gane ba tukuna. Uwar ta durƙusa tana lallashi, tana yi mini bayani ba tare da ta dube ni ba, irin yadda mu iyayen yaran nan muka saba ba wa baƙi haƙuri.

"Kada ki damu, ba laifin yaronki ba ne. Sunan abin ne. A ajinsu da an gan ta sai a ce, 'Aku, ce ruwa! Aku, ce bayi!' Har da mai kawo mata gyaɗa a tafin hannu. Yanzu ta rantse ba za ta taɓa shi ba. Shekaranjiya a aji ta saki fitsari a zaune, da ta danna hoton gara hakan. Yarinyar da ta san komai, wallahi. Aku ai maimaitawa take yi, ba ta san me take faɗa ba. Wannan kuwa ta san abin da take nufi."

Na ce, "Sannu. Kawo jakarki in riƙe miki."

Hannunta ya tsaya cak. Ta ɗago a hankali ta dube ni.

"Sake faɗa."

"Na ce ki kawo jakar..."

"Ce 'Ina jin ƙishi.'"

Ban ce ba. Ba sai na ce ba. Ta riga ta gane muryar.

Ta tashi ta zauna a kujerarta, ta gyara tef ɗin wuyanta. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

"Da muryar nan 'yata ta fara ce mini Mama," ta ce. "Ina kan keken ɗinki na ji an ce 'Mama' a bayana, na kusa ɗinke yatsana. Kullum in na yi addu'a sai na sa mai muryar nan. Na ce duk inda take, mutuniyar kirki ce." Ta juyo ta dube ni. "Amsar nan, ke kika rubuta ko maigidan?"

Ƙofa a buɗe take in ce shi ne. Rabi ma gaskiya ne.

"Ni ce."

"Har dariyar?"

"Har ita."

Ta jinjina kai. "Kun ce in kwafa in sa nawa. Ni tela ce, 'yar'uwa. Kawo riga in kwafa miki kafin la'asar. Wannan kuwa, ɗan maƙwabta na roƙa ya nuna mini inda ake rubuta muku."

Aka kira sunanmu daga ciki. Na ja hannun Manaja na shige kamar wadda ta yi sata a kasuwa.

Likitar ta ce yau gwajin ranar farko za mu yi. Ta zaunar da shi gaban madubi, ta yi muryar malamar aji. "Sannu da zuwa, yaro. Ya sunanka?"

Manaja ya dubi wayarsa. Ya fita daga manhajar, ya sake buɗe ta.

"Ni ce Aku!"

Ya dafa ƙirjinsa, ya dubi likitar yana jiran yabo.

"Kullum haka yake yi in na tambaye shi," in ji ta. "Na ɗauka kun sani."

Mun san yana yawan rufewa da buɗewa. Mun ɗauka ƙarar ce ke burge shi. Ubansa har ya ce zai kulle wurin don yana cinye caji.

Na samu Baban Manaja a lungunsa na falo, kwamfuta biyu a gaba, ɗaya ta aikin da ake biyansa, ɗaya ta Aku. Ban ko cire takalmi ba.

"Sunan nan za a canza."

Ya cire abin kunnensa. "Wane suna?"

Na faɗa masa komai, tela, yarinyar, fitsarin. Ya saurara, ya shafa fuska.

"Abin ba daɗi, na yarda. Amma kin san me canza suna ke nufi? Sunan nan yana cikin kowane lungu na rubutun. Waɗanda suka fassara ta zuwa harsunansu da shi suka san ta. Uwar da aka ce wa ta nemi Aku, ta nema ba ta gani ba fa? Don mutum ɗaya? Gobe wani ya ce launin shuɗi na ba ɗansa tsoro. Ni kaɗai ne, Maman Manaja, bayan na tashi daga aiki nake yin wannan, ba wanda ke ba ni ko ruwan sha." Ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Kuma ke kika zaɓi sunan."

"Na sani. Shi ya sa nake tsaye a nan."

"To a bari a yi tunani. Bayan wata ɗaya haka..."

"Litinin zai shiga aji."

"Namu daban ne. Manaja ba ya kula mutane."

"Kira shi ka tambaye shi sunansa."

Ya dube ni kamar na zautu. Amma ya kira. Manaja ya baro takalman da yake jerawa a bakin ƙofa, ya zo hannuwa a baya, waya na lilo a wuyansa. Uban ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ya sunanka?"

Rufewa. Buɗewa. Muryata, da fara'ar nan da na yi a cikin kabad.

Manaja ya dafa ƙirji.

Baban Manaja ya daɗe a durƙushe. Sannan ya karɓi wayar a hankali ya shiga jan hotunan da yatsa, shafi bayan shafi, kamar mai neman abin da ya san ya ajiye. Kofi, bayi, Mama, Baba, mota, ruwan sama, likita.

"Akwai raƙumin dawa," ya ce.

"Akwai."

"Yaron da bai taɓa ganin raƙumin dawa ba." Ya ɗago ya dube ni. "Na sa raƙumin dawa, ban sa sunansa ba."

Kafin magariba ya cire gaisuwar, ya cire tsuntsun. Ranar Juma'a ya ƙara hoto a sahun farko, wurin da uwa za ta sa fuskar ɗanta ta naɗi sunansa da bakinta. Sunan manhajar kansa kuwa bai canzu a ranar ba, don ba shi kaɗai ke da ita ba yanzu. Waɗanda suka fassara ta daga nesa suka taso masa. Wani da suke kira Gemu ya rubuta shafi guda a kan cewa in aka fara biye wa masu ƙorafi ba za a gama ba. Baban Manaja ya amsa masa da layi ɗaya, ya ce a tambayi iyayen su kawo suna. Har yanzu ana ta ja-in-ja.

Ni na sake buɗe ƙorafin telar. Baban Manaja ya ce in goge tsohuwar amsar, tunda ana iya gogewa.

"Ta riga ta karanta," na ce. "Wa zan ɓoye wa?"

A ƙarƙashinta na rubuta cewa ni ce mai muryar, ni ce mai amsar, kuma ƙorafinta daidai ne tun ranar farko. Na bi mata hanyar saka sunan ɗaya bayan ɗaya, yadda ba sai ta roƙi ɗan kowa ba. Na goge "ki yi haƙuri" ya fi a ƙirga, don duk yadda na rubuta shi sai ya fito ƙarami. Daga ƙarshe na bar shi haka.

Sai ranar Lahadi ta amsa.

"Na gani na sa mata sunanta da muryata ba ta taɓa ba tukuna amma jiya ta bari na juyo jakar gaba"

Ba ta ce ta yafe ba. Ban ga dalilin da zai sa ta ce ba.

Manaja mun naɗa masa biyu, sunansa na takarda da wanda muke kiransa, muka ce ya zaɓa.

Ranar Litinin na riƙe hannunsa har ƙofar aji, na matse shi har ya fizge. Yara sun cika baranda, takalma a warwatse ko'ina. Malamar ta sunkuyo.

"Ya sunan maigidan?"

Ya rufe manhajar ya buɗe. Shiru. Ya sake rufewa ya buɗe. Shiru. Ya dube ni, leɓensa na ƙasa ya fara rawa. Hannuna ya tafi da kansa zai danna masa, na mayar da shi na riƙe da ɗayan. Yara biyu sun matso suna leƙe.

Ya dubi fuskar wayar. Ya ga hotonsa. Ya ɗora yatsa.

"Sunana Manaja."

"Laa! Wayarsa na magana!" in ji wani yaro mai wushirya.

"Ba wayar ba ce, shi ne," in ji malamar. "To Manaja, bismillah, ga ofishinka."

Bai shiga ba. Ya tsuguna ya fara jera takalman 'yan ajin bibbiyu a jikin bango.

Aka ce iyaye su tafi. Na fita, amma na laɓe a bayan katanga kamar ɓarauniya, ina kasa kunne. Hayaniya ce kawai, da ƙarar kujeru. Can na ji muryar mai wushiryar nan ta keto ta taga:

"Malama, Manaja ya ɗauke mini takalmi!"

Na jingina da katangar. Sannan na ciro waya na duba shafin. Ƙorafin telar na nan a buɗe, amsata ta farko a sama da fuskar dariyarta, kowa na gani. Gemu ya tambaya a ƙasa ko za a rufe, tunda an gyara.

Na rubuta masa cewa mai shi ce za ta rufe, ranar da 'yarta ta taɓa.