Baba, a Rufe Baki

"Baba, a rufe baki kaɗan," in ji mai hoto, ta sake ɗaga kyamarar.

Tsohon ya haɗe leɓɓa, ya miƙe wuya kamar soja a fareti. Ta ƙirga ɗaya, biyu, kafin ta kai uku kumatunsa suka fara rawa, haƙoran suka sake fitowa waje har da giɓin gefe. Hoto na bakwai ke nan ya lalace.

"Malam, don girman Allah," in ji matarsa daga kan benci, tana fifita da ambulan ɗin takardu. "Ƙarfe huɗu za su rufe. In suka cire sunanka sai baɗi, ni kuwa ba zan dafa maka dariya ka ci ba."

Ranar ce ta ƙarshe ta tantance 'yan fansho, ofishin kuma yana can ƙarshen titi. Takardarsu ta faɗa ƙarara: hoto sabo, ba tabarau, ba murmushi, don na'urarsu ba ta karɓar fuskar da haƙori ya leƙo. Agogon bango ya nuna uku saura kwata.

Shekara goma sha huɗu mai hoto tana wannan sana'a, kullum faman da take yi shi ne ta sa mutane su saki fuska. Ba ta taɓa haɗuwa da wanda ya kasa ɗaure tasa ba. Ta sauke kyamarar ta ƙare masa kallo. Riga wankakkiya da ta ga jiya ta ga yau, takalmi ya sha ɗinki, ido ɗaya jajir, ɗayan fari kamar an ɗiga masa madara. To me ke ba wannan bawan Allah daɗi haka?

Tambayar ba ta yau ba ce a wurinta. Wata uku da suka wuce ta karɓi makullin shagon nan, nata na kanta, bayan ta ƙare ƙuruciyarta a shagon wani. Ta daɗe tana zaton ranar sai an riƙe ta don murna. Da ranar ta zo, abin da ta ji ciwon kai ne da yunwa. Ba ta faɗa wa kowa ba, ko mijinta, kada a ce ba ta da godiyar Allah. Tun daga lokacin take leƙen fuskokin masu shigowa, ko za ta gane ta inda farin ciki yake shiga mutum.

"Baba, wai albishir aka yi maka ne?"

"Wane albishir," in ji matar. "Bandeji aka cire masa da safe. Yanar ido ce, shekara shida ba ya ganin komai sai inuwa-inuwa. An yi masa aikin guda, saura guda. Daga asibiti zuwa nan tafiyar rabin awa ce, mun yi awa uku. Ya tsaya kallon mai gyaran taya, ya tsaya kallon kyanwa. Har lambar mota sai da ya karanta wa direba, kamar shi direban bai san motarsa ba."

"'Yata," in ji tsohon, yana nuna hannun rigar mai hoto, "zaren nan kore ne ko?"

Ta duba. Rigar ta shekara biyu a jikinta, ita dai ta san baƙa ce. Ashe akwai wani siririn zare kore da ya zagaye bakin hannun.

"Kore ne, Baba."

"Na faɗa!" Ya bugi gwiwarsa. "Kin ji ko? Kore ne!"

"Na ji," in ji matar. "Allah ya ba ka lada. Rufe bakin."

Mai hoto ta gwada dabarun da ta sani. Ta ce ya cika baki da iska ya fesar. Ya fesar, ya hango ƙura tana yawo cikin hasken fitila, ya bi ta da ido yana washe baki. Ta ce ya tuna wani abin baƙin ciki. Ya tuna maigidansa na gidan waya da ya taɓa hana shi hutu ranar da aka haifi ɗansa na fari, sai kuma ya tuna yadda gashin hancin mutumin yake motsi in yana faɗa. Wannan karon har matar sai da ta juya fuska bango.

Uku da minti goma. Mai hoto ta ciro madubin da mutane ke gyara hula a gabansa, ta miƙa masa.

"Riƙe nan, Baba. Kana ganin bakin, sai ka fi iya tsare shi."

Ya karɓa yana dariya, ya ɗaga. Dariyar ta tsaya a inda take. Ya matso da madubin, ya ja shi baya. Ya kai yatsa ya taɓa ramin kumatunsa, ya shafa fatar wuyansa da ta saki. A hankali ya sauke madubin kan cinya, ya zuba wa bango ido, bakinsa a rufe ruf.

Hannunta ya riga tunaninta. Ƙyas. Hoton ya fito daidai yadda takarda ta nema. Ta tsaya tana kallonsa a bayan kyamarar, ta ji kamar ta zare wa makaho sanda.

Na'urar buga hoto ta fara gurnani a lungu.

"Wannan tsohon fa?" in ji shi can, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ni na bar kaina da baƙin gemu."

"Sau nawa ina faɗa maka ka tsufa, kana cewa hassada nake?"

Ya juya ya dubi matarsa, ya daɗe yana dubanta.

"Ke nan duk shekarun nan wannan fuskar kike kallo?"

"Wa ya ba ni wata?"

Kafaɗunsa suka fara girgiza. Dariyar ta dawo, amma ba irin ta ɗazu ba, wannan da ruwa a idon, jan da farin duka. Matar ta tashi ta goge masa da gefen mayafi, tana faɗan likita ya ce kada ya murza.

Mai hoto tana yanka hotunan da almakashi ta kasa haƙuri.

"Baba, don Allah, yaya abin yake? A nan, cikin ƙirji?"

Ya yi tunani da gaske, kamar an tambaye shi hanya.

"Wallahi ban sani ba, 'yata. Kamar dai ka daɗe da takalmi matsattse ka cire. Likita ya ce kwana bakwai zan saba, komai ya koma ba komai ba." Ya miƙe yana gyara hula. "Shi ya sa nake sauri."

"Sauri!" in ji matar. "Ji wai sauri. Uku da rabi ta kusa, tsakaninmu da ofishin akwai mai sayar da tsuntsaye. Mun kaɗe."

Mai hoto ta dubi benci, ba kowa. Ta ɗauki makulli.

"Mu je, Mama, in raka ku."

"Allah ya yi miki albarka. Ki tsaya ta gefen idon da ke gani, ki tare masa duniya."

Haka suka bi titi, matar ta riƙe hannu ɗaya, mai hoto ta tokare ɗaya gefen da kafaɗarta, tsohon yana leƙe ta saman kanta yana roƙon minti ɗaya kacal. Suka wuce mai tsuntsaye da ƙyar. Huɗu saura minti takwas ma'aikacin ofishin ya saka hoton a na'ura, ta karɓa, ya buga hatimi ba tare da ya ɗago kai ba.

Da suka fito, matar ta zube kan dakalin ƙofa tana cire takalmi, ta ce yanzu ya kalli abin da ya ga dama har a kira magariba. Mai hoto ta ce ita za ta koma, ta bar shago a rufe. Ta yi taku biyu ke nan tsohon ya kira ta.

"'Yata, ke 'yar titin nan ce. Waccan bishiyar ta bayan tashar mota, mai jan abu a kai, fure ne ko 'ya'ya?"

Ta bi yatsansa da kallo. A tashar nan take sauka kowace safiya. Ta kare rana da tafin hannu, ta ƙanƙance ido.

"Ban sani ba, Baba."

Ta jefa makullin cikin jaka.

"Mu matsa kusa."