Umma Ki Ci Abinci

Tun da auta ya rasu wayar Umma ta koyi taurin kai. A falo sabis cike, amma da ta shiga kicin sai muryar babbar 'yarta ta fara tsinkewa har ta ɗauke. 'Yar ta gaji da "Umma, kina ji na?" daga can nesa, ta turo mai gyaran intanet, wata mata mai gilashi.

Matar ta zaga gidan tsaf, ta tsaya a ƙofar ɗakin auta da ke kulle.

"Mama, rautar da aka sa miki a kicin, wato na'urar raba intanet, lafiyarta lau. Wayarki ce ta liƙe wa tsohuwar da ke cikin nan, ko kin yi nisa ba ta saki. Sai na rage mata ƙarfi, na ba su suna ɗaya."

Auta ne ya haɗa tsohuwar, shi ya raɗa mata suna don tsokana: *Umma ki ci abinci*. Kullum Umma ta duba waya sai ta ga sunan, shi kaɗai ya rage mai yi mata wannan faɗan.

"'Yar nan, ki bar min sunan. Gara kiran ya yi ta yankewa."

"Buɗe min dai, Mama."

Da ƙyar makullin ya juya. Ɗakin duhu, ƙamshin turarensa bai gama fita ba, takalmansa na nan a bakin gado. A kan tebur wata 'yar koriyar fitila tana ta ƙiftawa, kamar ta san an shigo. Umma ta kasa tsallake ƙofar.

Matar ta ɗan daddanna kwamfutarta. "Kira 'yarki, ki yi ta tafiya, kar ki tsaya."

Umma ta bi baranda tana magana, tana jiran inda muryar ta saba mutuwa. Ta wuce wurin. Har gaban murhu muryar tar.

Ta sauke wayar daga kunne tana tsoron dubawa. Sabis cike. A saman fuskar wayar, a nan gaban tukwanen da suka daɗe a kife, rubutun auta ya biyo ta.

"Umma?" in ji 'yar. "Kin yi shiru."

"Ƙanenki ne," ta ce, hawaye na zubo mata. Ta miƙa hannu ta ɗauko ashana.