Sandar da Ɗan Gwaji Bai Gwada Ba

Safiyo ya daɗe yana kare amininsa a cikin gidansa, har ya fara gajiya da jin muryar kansa. Tun ranar da kan sandar golf ya fita ya sami Malama, matarsa, a idon hagu, babbar 'yarsu ta kafe a kan magana ɗaya, cewa a tambayi wanda ya kawo sandunan.

"Kyauta ya ba ni," in ji Safiyo. "Mutum ya yi maka alheri, tsautsayi ya faɗa, sai ka kama shi da laifi? Baffanku ne fa."

"Baba, ni ban ce da gangan ya yi ba. Cewa na yi a tambaye shi inda ya samo su."

"Ba za a tambaya ba."

Malama tana kan kujera da bandeji a rabin fuska. Likita ya riga ya faɗa musu cewa idon zai zauna a wurinsa, amma ba zai ƙara gani ba. Mace ce da ta ƙare rayuwarta tana duba littattafan ɗalibai da jan biro, yanzu ko shayi za ta zuba sai ta laluba bakin kofin da yatsa.

Shi aminin nan benci ɗaya suka zauna da Safiyo a makaranta, kuma shi ya ja shi filin golf lokacin da likita ya ce ya riƙa tafiya ko hawan jini ya kwantar da shi. A filin ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Ɗan Gwaji ake ce masa, don ba a taɓa shigowa da sabuwar sanda ta kwana bai buga da ita ba. Kana buɗe jaka za ka ji hannu ta bayan kafaɗarka. "Kawo in ji nauyinta." Ko baƙo ne da bai san sunansa ba, sai ya karɓa, ya kaɗa ta a iska, ya buga ƙwallo biyu, sannan ya yi maka lacca a kan abin da ka saya da kuɗinka. Mutane sun yi fushi har sun haƙura sun koma dariya.

Yana da wurin tsayuwarsa kuma. In Safiyo zai buga, Ɗan Gwaji na nan a gefe, ɗan gaba kaɗan, hannu a ƙugu, yana cewa saukar da kafaɗa, daina ɗaga kai, wannan ai sara kake yi ba bugu ba. Shi kansa ba wani gwani ba ne, amma bakinsa ya fi hannunsa iya wasa.

Ranar da Safiyo ya ajiye aiki, bayan ya ƙare ƙuruciyarsa yana auna filaye da hanyoyi, aka yi masa ɗan biki a zauren taro na ofis. Ana tsakiyar jawabai sai ga Ɗan Gwaji da dogon kwali a kafaɗa. Ya yanke salatif a gaban kowa, ya zaro jaka cike da sanduna masu walƙiya, kowace da tambarin babban kamfani a kanta.

"Ta intanet na yi oda, kai tsaye daga wurinsu," ya ce. "Ni ma na yi wa kaina saiti irinsu. Mutumina ya daina yawo da sandunan aro."

Aka yi tafi, aka ɗauki hotuna. Safiyo, wanda ko a jana'izar mahaifinsa sai da ya shiga ɗaki kafin ya yi kuka, ranar sai da ya ciro hankici. Ya yi farin ciki irin wanda bai san yana da sauransa ba.

Malama ba ta taɓa zuwa filin ba. Takan ce manyan mutane da furfura suna bin ƙaramar ƙwallo cikin ciyawa, in sun same ta su sake korar ta. Jikoki ne suka matsa suna son ganin kakansu yana wasa, shi ya sa ta biyo shi wata Asabar da wayarta don ta ɗauke shi bidiyo. Ta tsaya a gefe, ɗan gaba kaɗan. Safiyo ya ɗaga sandar nan mafi tsawo, ya sauke ta da ƙarfinsa, sai ya ji hannunsa ya yi sakayau. Bai ma gane abin da ya faru ba sai da ya ga wayar a ƙasa, Malama a durƙushe.

Ɗan Gwaji ne ya tuƙa su asibiti. Shi ya zauna a benci a farfajiya har aka fito da ita, shi ya riƙa zuwa kullum da leda cike da lemo da ayaba. To mutum irin wannan ne za a titsiye da tambaya? Safiyo ya rantse a ransa sai ya rufe bakin 'yarsa. Ya ɗauki jakar sandunan, da karyayyar sandar da kanta da ya fita, ya nufi shagon gyara da ke bakin ƙofar filin, don a shaida masa cewa ko sandar kirki takan yi haka.

Shagon ƙarami ne, yana warin gam da roba. Mai gyara ya yi masa jaje, ya tambayi jikin Malama, sannan ya karɓi kan sandar ya leƙa ramin da ƙarfen ke shiga. Ya kankare busasshen gam da farce, ya zube kamar garin alli.

"Jabu ce, ranka ya daɗe. Fenti ne kawai da tambari. Masu shafin intanet ɗin da ke sayar da su ma an ce sun rufe sun ɓace." Ya ajiye ta a kan tebur. "Irin ta abokinka ce sak. Shi ma haka tasa ta yi, Allah ya taimaka ba kowa a gabansa."

"Tasa?"

"Wadda ya kawo mini bayan bikinka da 'yan kwanaki. Na ce masa ya zubar da saitin gaba ɗaya kafin ya illata wani. Da na ga kana ta wasa da naka, na ɗauka naka daga wani wuri suke. Bai gaya maka ba?"

Safiyo ya kwashi kayansa, ya fita ya zauna a benci ƙarƙashin rumfar da ake atisaye, sandar a kan cinyarsa. Ya so ya ce mai gyara ya ruɗe, ya haɗa shi da wani. Amma aikinsa ya bar masa wata masifa, idonsa ba ya manta tazara. Ya san inda kowane abu yake tsaye da inda yake jiya, ko bai yi niyyar lura ba. Yanzu duk abin da idon ya adana ya dawo masa.

Ɗan Gwaji ya koma tsofaffin sandunansa, ya ce sababbin yana ajiye su sai ranar gasa. Ɗan Gwaji ya bar wurin tsayuwarsa, ya koma can baya, bayan ginshiƙin rumfa, wai gwiwa ke damunsa yana son abin jingina. Kuma a duk tsawon watannin nan, mutumin da ba ya ƙyale sandar baƙo bai taɓa miƙo hannu ya ce kawo in ji nauyinta ba. Safiyo har daɗi ya ji a lokacin, ya ɗauka kara ce ta mai kyauta.

Sai kuma abu na ƙarshe ya zo masa. Ranar nan, da Malama ta tsaya da wayarta, Ɗan Gwaji ya yi magana daga bayan ginshiƙi. "Malama, dawo inuwa mana, rana za ta dame ki." Ta yi dariya ta ce ina ranar take. Gaskiyarta, hadari ne ya rufe sama tun safe. Shi kuma ya bar ta tsaye a wurin.

Safiyo ya kira shi a waya, ya ce ya same shi a filin. Bai jima ba ya iso, da ledar lemo a hannu, da alama gidan zai wuce daga nan.

"Mutumina, lafiya? Ya mai jiki?"

Safiyo ya buɗe jakar, ya zaro sanda ɗaya daga cikin waɗanda suka rage, ya miƙa masa ta wajen mariƙi.

"Ji nauyinta."

Ɗan Gwaji ya dubi sandar, ya dubi shagon gyara, ya sake duban sandar. Hannunsa bai motsa ba.

"Ga ƙwallo nan. Buga. Ni zan tsaya a wurinka."

"Haba, Safiyo."

"Tun yaushe ka sani?"

Ya ajiye ledar a benci a hankali. Muryarsa ta yi ƙasa. "Ni ma cutata aka yi. Hotunan nan, da tambarin, da komai, wallahi ban san jabu ba ne lokacin da na kawo maka."

"Na yarda. Ba wannan na tambaye ka ba."

"A gaban mutanen ofishinku na ba ka. An tafa mini. Ka yi hawaye, Safiyo. Da wane baki zan dawo in ce maka tarkace na ba ka? Kullum sai in ce gobe zan faɗa. Har na fara neman na gaske in musanya maka a ɓoye. Na ce ai ba dole naka su yi abin da tawa ta yi ba."

"Amma ka koma bayan ginshiƙi."

Ɗan Gwaji ya sunkuyar da kai.

Da a ce jabun ne kawai, da Safiyo ya yi dariya, da sun zagi masu shafin tare sun sha shayi. Ko shirun watannin ma, da ya nemo masa uzuri, don ya saba nemo masa. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne mutumin ya auna haɗarin daidai, ya san iyakar inda ƙarfe zai kai, ya cire jikinsa, ya bar sauran mutane a ciki. Ya ji an ci amanarsa, kuma ya ji kunyar 'yarsa.

"Na yi mata magana," in ji Ɗan Gwaji, kamar mai roƙo. "Kai ma ka ji. Na ce ta dawo inuwa."

"Na ji. Kalma ɗaya ce ta rage ka faɗa, ka ce jabu ce. Sai ka ce rana." Safiyo ya mayar da sandar cikin jaka, ya ja zif. "Ita ta riƙa yi maka girki tun ranar da matarka ta rasu, har ka daina zaman makoki. Ka tsaya kana kallonta a wurin da kai ka gudu."

Ya jingina jakar a jikin ginshiƙin, ya bar masa ita a nan tare da lemonsa.

Da ya isa gida Malama tana falo, 'yar tana ɗiga mata magani. Ta juyo da fuskarta gaba ɗaya, yadda ta koyi yi yanzu in tana son ganin wanda ya shigo.

"Kai kaɗai? Yau abokinka bai zo ba."

Safiyo ya zauna a gefenta na dama, inda za ta iya ganinsa. Ya dubi 'yarsa, ya ce, "Na tambaye shi."