Ranar da Aka Ja wa Auta Ƙafa

Auta ta banko ƙofar shagon ɗinkin yayarta, ta jefa akwatin sarewarta kan tulin yadi.

"Na gama da su, Yaya! Na gama!"

Yaya ta zare allura daga baki. Yau ne Auta ta fara zaman gwaji a babbar ƙungiyar makaɗan birnin, masu goge da ƙaho da ganguna da ke bin takardar kiɗa da sandar jagora. Gurbin mai sarewa ta biyu ake nema a cike, ita kuwa tun tana makaranta take mafarkin kujerar nan. Sai dai a ɗaki ta koya, ita da malaminta, ba ta taɓa zama cikin taron makaɗa ba.

"Kuskure kika tafka?"

"Ina fa! Da aka zo wurin da zan busa ni kaɗai, tsaf na fitar da shi. Ina sauke sarewa sai na ji ƙasa ta ɗauka, shaa-shaa-shaa! Kowa yana jan takalmi a kan katako. Har shugabar masu sarewa da ke gefena, da furfurarta! Ba tafi, ba sannu. Ana ba da hutu na sulale. A mota na tura wa sakatarensu saƙo cewa na janye."

"Kin tura? Ke Auta, kanki ɗaya kuwa?"

Auta ba ta saurare ta ba, ta riga ta buɗe waya. Akwai wani dandali a intanet da ta gano kwanan nan, inda makaɗa irinta daga ko'ina suke haɗuwa. Nan ake musu kan leɓen da ya tsage saboda busa, da maƙwabcin da ke dukan bango idan ana atisaye, da jagoran da sandarsa ke yawo kamar mai korar ƙuda. Da leƙe kawai take yi. Yau ta rubuta: "Jama'a, waɗanne irin mutane ne ke jan ƙafa kamar garken awaki idan baƙuwa ta gama busa?"

Kafin Yaya ta zura zare, wayar ta fara tsalle a kan tebur.

Wani mai kiran kansa Ƙaho Mai Tsatsa ya ce, "Wayyo cikina! A kawo mini ruwa!"

Wani kuma, Gangar Baya, ya ce, "Tun gashina yana baƙi nake bugu, sau ɗaya aka taɓa ja mini ƙafa, shi ma ina zargin ƙaiƙayi ne ya dami mutumin."

Sai wata ta tausaya mata. "Ƙanwata, hannuwanmu riƙe suke da kaya. Wa zai ajiye gogensa a ƙasa don ya tafa? Da ƙafa muke yabon junanmu. Idan duka zauren ya ja, to kin girgiza su."

Auta tana gama karanto mata, Yaya ta zame daga kan kujera tana dariya har da hawaye. "Awaki! Ana yi miki jinjina, ke kina ta kumbura!"

Auta ta yi tsalle ta rungume mutum-mutumin gwada riga, ta juya da shi tsakiyar shago tana ihu. "Sun so ni, Yaya! Har mai furfura!"

Sai ta tsaya cak. Saƙon!

Wayar ta sake ƙara. Wata mai suna Tsohuwar Sarewa ce. "Zauren nan mai koren labule? To, ni ce akuyar da ke damanki. Sakatare ya nuna mini saƙonki, yana nan yana kwashe kujeru, yana gamawa zai wuce ofishin jagora. Idan jagora ya ji kin janye, na bayanki zai kira. Rugo!"

Yaya ta datse shago, tef ɗin awo yana rataye a wuyanta. Suka faɗa tsohuwar motarta, wadda sai an lallashe ta take tashi. Ta tashi. A kowace danja Auta tana dukan gaban mota tana roƙon wuta ta koma kore, Yaya tana mata kukan akuya.

Suka haura matakala suna haki. Sakatare yana tsaye bakin ofishin jagora, wayarsa a hannu, Tsohuwar Sarewa, mai furfurar nan, ta tare ƙofar da jikinta.

"Ranka ya daɗe," in ji Auta, "saƙon nan..."

"Na karanta." Ya ɗaure fuska. "Baba mai sarewar nan ta kuma karanta mini wanda kika rubuta a dandali. Ni dai ba na kiɗa, don haka ban san ko ina cikin garken ba."

Auta ta rufe fuska da tafukanta.

Ya ɗaga wayar ya share saƙon a gabanta. "Gobe da safe. Kada ki makara."

Tsohuwar Sarewa ta kalle ta ta saman tabarau, a hankali ta fara jan takalmi. Shaa-shaa. Sakatare ya bi. Yaya ta shiga da ƙarfinta, har silifas ɗinta ya fice ya daki ƙofar jagora.

Ƙofar ta buɗe. Jagora ya leƙo, ya dubi silifas, ya dubi Auta.

"Yauwa, mai sarewa! Ina kika shige ɗazu? Zo mu yi maganar kujerarki."