Akwatin Haruffa Sittin

Ni dai babu abin da ke ƙona mini rai kamar manhajar waya da ke sa mutum ya ji kamar shi ne dolo. Ka buɗe abu, maɓalli goma sha biyu suna zare maka ido, ka taɓa ɗaya ya ce ka jira, ka jira ya ce ka sake. Haba! Shekara shida ina zana fuskar manhajoji a ɗakina da ke Ƙofar Marusa, kuma duk wanda ya zauna da ni minti biyar ya san ƙa'idata: dannawa uku, an gama. In ya wuce haka, mai zanen ne ya yi lalaci.

Sai dai duk aikin nan na mutanen Abuja da Legas ne, waɗanda ko fuskarsu ban sani ba. A Katsina kuwa sunana "Ramla mai danne-danne". Shi ya sa ranar da Hajiya Sabuwa ta aiko a kira ni, har rawa na taka.

Hajiya Sabuwa aminiyar mahaifiyata ce, kuma ita ke yi wa rabin garin nan alkaki da dubulan da dambun nama na biki da suna, a gidanta na Ƙofar Ƙwaya. In ta yabe ki a gidan biki ɗaya, kafin la'asar an ji a gida goma. In ta kushe ki, to sai dai ki nemi wata sana'ar.

"Ramlatu, wayar nan za ta kashe ni," ta ce. "Hannuna cikin mai, ita tana ta kuka. An ce kin iya abin da mutane za su riƙa yin oda da kansu."

Na yi mata abu tsaf, ni kaina na san ya yi kyau. Ki zaɓi kaya, ki zaɓi yawa, ki zaɓi rana. A ƙasa na sa ɗan akwati na ƙarin bayani, na ƙayyade shi haruffa sittin, don a ganina surutu ne ke lalata manhaja.

Mako biyu cif, sai ga kira. Ko gaisuwar kirki ba ta amsa ba.

"Zo ki cire mini abin nan naki."

Na same ta gaban kasko tana tsame dubulan, fuska a murtuke.

"Hajiya Ma'u ta Batagarawa, shekara ashirin da biyar tana saye a wurina," ta ce. "Ta yi odar dambu, na zuba yaji kamar kullum. Ashe na maigidanta ne, likita ya hana shi yaji. Ta rantse ta rubuta, ni kuma ban ga komai ba. Jiya an kai alkakin gidan amarya gidan ango. Ni za ki mayar maƙaryaciya da tsufana?"

"Hajiya, ai mutanen ne ba su iya amfani da shi ba."

Wallahi maganar na fita na ji kunya ta rufe ni. Ni da nake zagin masu zane in sun ɗora wa jama'a laifi!

"Na ba ki zuwa Juma'a," ta ce. "In bai gyaru ba ki share shi, in koma wa kiran wayata. Kuma duk wadda ta tambaye ni aikinki, gaskiya zan faɗa mata."

Na karɓi wayar, na zauna a kan turmi, na buɗe odar Hajiya Ma'u. Ga abin da ke cikin akwatin:

"Assalamu alaikum Hajiya, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya"

Nan ya tsaya. Na buɗe ta gaba, haka. Ta gaba, haka. Oda arba'in da wani abu, kusan duka gaisuwa ta cinye haruffan, ainihin saƙon ya faɗi a waje. Wata ma ba ta gama yi wa Hajiya barka da Juma'a ba akwatin ya datse ta. Su suna ta rubutu abinsu, ba su lura ya daina karɓa ba. Dariya ta ƙwace mini, daga baya na ji kamar in yi kuka. Ni ɗin nan, ko rariya zan ara a maƙwabta sai na tambayi lafiyar kowa har da awaki, amma na zauna na zana wa Katsinawa wurin magana babu wurin gaisuwa.

Da na koma gida na ce zan rubuta da jan rubutu: "Ban da gaisuwa."

Mahaifiyata ta dube ni sama da ƙasa. "A shagon Sabuwa? Ashe dai ba ki son aikin."

Kwana uku ina fama. Na cire ƙayyadewar. Na sa wurin ɗaukar murya a farkon shafi, kafin ma a ga alkaki. Na yi wa Hajiya ƙaton maɓallin amsa wanda za ta iya dannawa da bayan yatsa in hannunta da mai. Dannawa ta koma biyar. Sai da na rufe ido kafin na tura, don abin ya yi mini ciwo sosai.

Ranar Juma'a da hantsi ina gidan Hajiya Sabuwa. Hajiya ta roƙi Hajiya Ma'u ta sake gwadawa, albarkacin zumunci. Can wayar ta yi ƙara. Saƙon murya, minti huɗu.

Muka kasa kunne. Ta yi sallama, ta tambayi gajiya, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Maigida ya ji sauƙi, alhamdu lillahi. An samu ruwa a Batagarawa, gero ya yi kyau. Matar ɗanta Aminu ta sauka jiya, an samu namiji. A gaida mutan gida. Sai an jima.

Na duba shafin. Ba ta zaɓi kaya ba, ba ta zaɓi rana ba, ko maɓalli ɗaya ba ta taɓa ba. Na ce a raina shi ke nan, Ramla, tattara kwamfutarki.

Sai na ji Hajiya ta ɗaga murya tana kiran mai taya ta aiki. "Sa'adiyya! A jiƙa alkama!"

"Hajiya," na ce murya ƙasa-ƙasa, "ai ba ta yi oda ba."

"Ke ɗiyar nan, da kunnen wa kika saurara? Matar Aminu ta haihu jiya, suna ranar Alhamis ke nan. Alkaki kwano uku, dubulan biyu, dambu ba yaji. Mi kike so ta ce kuma?"

Ta goge hannu a zane sama-sama, ta danna ƙaton maɓallin da bayan yatsa, ta fara zuba barka da addu'a. Na miƙa hannu a hankali, don in ta gama in karɓi wayar, in ji ko share manhajar zan yi. Ta janye wayar, ta harare ni.

"Mi za ki taɓa? Bar mini abina."