Finjali na Uku

Meselech na cikin jiƙa farar takardar tacewa a mazurari, sai mahaifinta ya leƙo ta kafaɗarta.

"Wannan kuma fa? Magani za ki haɗa mini?"

"Gahawarka ce, Baba. Ta gonar kan tudu, ita kaɗai, ban gauraya ta da ta kowa ba."

Mahaifin nata, Lamiso, ya zo Addis Ababa ne a duba masa ido, gobe zai koma ƙauyensu a Sidama. Ya riga ya yi magana da masu gatari, ranar Asabar za su sare bishiyoyin gahawar kan tudun a shuka kat, ganyen taunawar nan da duk maƙwabtansa suka koma wa. Meselech ta yi masa magiya ta waya har ta gaji. Amma yau ko ɗar ba ta ji. Ɗanɗana gahawa shi ne aikinta a kamfanin da ke fitar da ita waje, ta san abin da ke hannunta. Tsohon nan tun tasowarsa yake sayar da mai kyan ya sha ragowa. Kurɓi ɗaya ya ishe shi ya fasa saran, in ji ta a ranta.

Ta ɗauki buta mai siririn wuya, ta zuba ruwan zafi kaɗan a kan garin, ya kumbura yana kumfa. Ta ɗan dakata, sannan ta ci gaba da zubawa a hankali tana zagayawa. Ƙamshi ya cika ɗakin, ya fita ya kirawo maƙwabciyarta Zewditu, wadda hancinta bai taɓa yi mata ƙarya ba.

"Gashe, sannu da zuwa!" ta ce wa Lamiso, da laƙabin da suke girmama dattijo da shi, sannan ta dubi Meselech. "Ke kuma gahawa kike yi ba turare, ba gugguru, ba kiran mutane? Ina tulun gahawar?"

"Zauna dai ki sha mamaki, Iya."

Ta miƙa musu finjali, ta harɗe hannu tana jira. Lamiso ya shinshina, ya kurɓa, ya juya shi a baki.

"Ba laifi," ya ce. "Shayin ya yi daɗi. Miƙo mini gishiri."

Zewditu ta yi dariya har da buga cinya. Meselech kuwa abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Tana kallo ya barbaɗa gishiri, yadda suke sha a ƙauye, a kan ƙamshin furen lemo da ta yi ta lallaɓawa. Ta cire takardar da jiƙaƙƙen garin ta nufi kwandon shara.

"Ke! Ina za ki da shi?" in ji Zewditu. "Zagaye ɗaya tal?"

"Wannan sau ɗaya ake tace ta, Iya."

"A wace ƙasa?"

"Mayar da shi," in ji Lamiso. "Tunda nake ban taɓa tashi daga kan gahawa ban sha finjali na uku ba. A kan me zan sa albarka?"

Da abokan aikinta za su gan ta, da ta shiga uku da tsiya. Haka ta mayar da takardar ta sake zuba ruwa, aka sha na biyu. Na uku kuwa ya fito kamar ruwan ɗauraye kwano, suka shanye abinsu ba wanda ya yamutsa fuska.

Lamiso ya ajiye finjali ya buɗe tafin hannunsa, matan suka buɗe nasu.

"Allah ya ba mu zaman lafiya."

"Amin."

"Allah ya raya mana zuriya."

"Amin."

"Kada Allah ya raba gidanmu da gaha..."

Sai ya tsaya. Addu'ar nan ce dai da ya gada a bakin mahaifinsa, wanda ya dasa bishiyoyin, kullum yana yin ta ba tare da ya saurari kansa ba. Yau ya ji ta.

"Gashe, ƙarasa mana, hannuna ya gaji," in ji Zewditu.

Ya ƙarasa ƙasa-ƙasa, suka shafa. Ya daɗe yana kallon finjalin, sannan ya ce wa 'yarsa ta ba shi wayarta ya kira mutuminsa a ƙauye. Meselech ta miƙa masa, ta juya baya ta kama wanke mazurari, kunnenta na wajensa.

"Dukamo? Ni ne. Ka gaya wa mutanen nan kada su zo ranar Asabar." Ya saurara. "A'a, ba abin da ya faru. Na ce a bar su."